Direban Yashi a Bakin Teku

Ni mutumin Wudil ne, kuma duk wanda ya taɓa shan shayi da ni a unguwar Manfuha ta Riyad ya san haka, don ba na barin mutum ya manta. A bakin kogi aka haife ni. Kafin in zo Riyad tifa nake ja, ina shiga da ita har tsakiyar kogi da rani, 'yan lodi su cika ta da yashi, in fito ko gezau. Saboda haka in ana zancen ruwa a majalisa, ba na jira a ba ni dama. Mutum ya ce ya ga ruwa a Jidda, in ce ai gani kawai ka yi. Allah kuma ya ajiye ni a garin da babu ko kududdufi, inda ba wanda zai ce in shiga mu gani, sai bakina ya samu sake.

A Riyad babbar mota nake ja wa wani kamfanin bututun roba a Birnin Masana'antu na Biyu. Da aiki ya zauna na kawo mai ɗakina, muka kama ciki da falo a saman wani shagon gyaran firji a Manfuha. A nan aka haifi 'yarmu, ita kaɗai Allah ya ba mu a lokacin. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka ba na kama sunanta, Uwata nake ce mata. Tun tana rarrafe ta maƙale mini. Da ta fara wayo, duk ranar da ta ji zan yi tafiyar nesa sai ta ɗauke warin takalmina ta ɓoye, wai don kada in fita. Yau bayan tukunyar gas, gobe cikin buhun shinkafa, wata rana har cikin firji. Na sha makara wurin aiki saboda yarinyar nan, ina faɗa ina dariya.

Sai shekarar nan ta zo, wadda duk wanda ya yi zaman ƙasar a lokacin ba sai an tuna masa ba. Farashin mai ya faɗi, gine-gine suka tsaya, wanda ba ya gini kuwa me zai yi da bututu? Injinan kamfaninmu da suke kwana suna ruri suka koma rabin yini. Kullum ka je sai ka ji an sallami wane, wane ya ɗaure kayansa. A layinmu na Manfuha katifu da kujeru suka cika bakin titi, kowa yana sayarwa ba mai saye. Ana cikin haka aka ɗora wa baƙi haraji a kan duk wanda yake ƙarƙashin igamarsu, wato takardar zama, mata da 'ya'ya duka. Ka buga waya gida don ka ji sanyi, su ma nasu kukan suke yi. Na juya, na sake juyawa, na ga babu yadda za a yi albashin direba ya riƙe iyali a Riyad. Muka yanke shawara da mai ɗakina, ita da yarinya su koma Kano, ni in zauna in ga abin da Allah zai yi.

Ranar da muka gaya wa Uwata, tana da shekara goma, ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da na san abin yi. Kallona kawai ta yi, ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar ta fara gaba da ni.

Ba wai ta daina magana ba ne, a'a. Da uwarta tana yi, da 'yan makarantarsu tana zuba Larabci kamar rediyo. Ni kaɗai aka cire. In an sauke abinci muna zaune a tabarma ɗaya, gwiwata tana taɓa tata, sai ka ji, "Mama, ki ce masa ya miƙo gishiri." In ce, "Uwata, ga ni nan fa, ina ji." Sai ta ce, "Mama, ki ce masa na gode." Na yi lallashi, na yi faɗa, na sayo cakulan, na yi wa'azi a kan haƙƙin iyaye har da jawo aya, wadda ta fi ni iya karantawa. Duk a banza. Takalmina kuwa kullum da safe suna nan a bakin ƙofa, ƙafa biyu cif, ba wanda ya taɓa su. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ga tikiti an yanka, ga bizar fita ba dawowa an buga, kwanaki suna ta tafiya, ni kuma tsorona ɗaya ne, kada yarinyar nan ta hau jirgi ba ta ce mini uffan ba.

Mai ɗakina ce ta tuna mini cewa tun yarinyar tana aji ɗaya nake mata alkawarin kai ta teku, kowane hutu in ce sai na gaba. Nan take na bugi ƙirji na ce a shirya, jibi za mu. Ta ce, "A wannan sanyin, Alhaji? Mutane na neman bargo kai kana neman ruwa?" Na ce ai lokacin sanyi shi ne lokacin bakin ruwa, ta tambayi masana. Tafiye-tafiyena na aiki duk na cikin tudu ne, ban taɓa ganin teku da idona ba sai ta tagar jirgi, amma ban ga dalilin da zai sa in kawo wannan zancen ba.

Ranar Alhamis ce, kamfani ya riga ya daina buɗewa ranar Alhamis, makarantu kuma suna hutun tsakiyar shekara. Muka yi asuba muka kama hanyar Dammam a tsohuwar ƙaramar motata. Mai ɗakina ta cika kula da shinkafa da wake, ga mai da yaji, ga shayi a fulas, ga tabarma da bargo. Iska tana kaɗa motar, raƙuma suna tsaye a bayan waya sun juya wa sanyi baya. Ni kuwa tun daga fitar gari na buɗe makaranta. Na yi bayanin yadda ake gane zurfin ruwa daga launinsa, da yadda ake bambance yashin da zai ɗauki mota da wanda zai haɗiye ta. Na kawo labarin akuyar da na taɓa cirowa daga kogi ranar kasuwa. Ina yi ina leƙen madubi. Uwata ta jingina kai da gilashi, ta ja bargo har hanci. Mai ɗakina ta yi barci tun kafin in ciro akuyar.

Wani Ba'indiye abokin aikina ne ya kwatanta mini wurin, gaba da Dammam, inda babu shaguna babu hayaniya. Da hantsi muka sauka daga kwalta, muka bi wata 'yar hanya, muka hau wani ɗan tudu, na taka burki na ce, "To, ga teku."

Sai dai babu teku. Wato akwai shi, amma can nesa, wani siririn layi yana ƙyalli a ƙarshen gani. Tsakaninmu da shi wani shimfiɗaɗɗen fili ne na jiƙaƙƙen yashi, ya fi filin idin garinmu nesa ba kusa ba. A kan tudun kuma, nan inda muka tsaya, Larabawa ne jefi-jefi da iyalansu, sun kafa tantuna, sun jera manyan motocinsu, suna hura gawayi. Ba ko ɗaya da ya matsa kusa da ruwan.

Na yi tsaki. Na ce wa mai ɗakina, "Kin ga mutanen hamada ko? Sun yi doguwar tafiya sun zo ruwa, sun zauna inda ko ƙamshinsa ba sa ji. Tsoro ne kawai." Na sauka na gangara filin. Na buga dunduniya, na ɗebo yashin na dunƙule a hannu, har da sunsunawa, don in ana kallo a san gwani ya iso. Yashi ne mai tauri, irin wanda muke so. Nan da nan na gane komai: watan sanyi ne, rani ne, ruwa ya ja baya ya bar gaɓa, kamar yadda yake yi a Wudil tun kaka da kakanni. Na dawo na shiga mota na ce har bakin ruwa zan kai su.

A nan ne na ji murya daga baya. "Mama, ki ce masa a makaranta an ce ruwan teku yana tafiya yana dawowa."

Na ce, "Ki ce mata malamansu sun yi gaskiya. Yana dawowa, da damina."

"Mama, ki ce masa ba da damina ba."

"Ki ce mata tun ba a haifi malamarta ba nake shiga kogi da tifa."

Mai ɗakina ta ce, "Ni dai ku daina aike na, mota ɗaya muke ciki." Sannan ta sassauta murya. "Alhaji, da dai mun tsaya inda mutane suka tsaya." Na ce in mutane sun tsaya don rashin sani, ni ma sai in tsaya? Na sa giya na gangara. Wasu samari da ke zaune a bakin wuta suka miƙe suna ɗaga mini hannu, ɗaya har da ɗaga murya. Na ɗaga musu ni ma, na ce wa iyalina, "Kun gani? Larabawan gabas akwai son baƙi."

Gaskiya ɗaya zan faɗa, duk da abin da ya biyo baya: ban taɓa zama a wuri mai daɗin wannan ba. Na tsayar da mota ta tare mana iska, muka shimfiɗa tabarma a gefenta. Rana ta ɗan yi ɗumi. Babu ƙarar inji, babu hon, babu mai buga waya ya ce ka ji an sallami wane. Wasu fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsaye a ruwa suna tsince-tsincensu, ba ruwansu da igama. Ƙananan ƙaguwa suna leƙowa daga ramuka su kalle mu su koma. Muka ci shinkafa da wake da sauran zafinta, iskar gishiri ta buɗe mini ciki har na yi ƙari. Mai ɗakina ta dube ni ta ce rabon da ta ga fuskata a sake haka har ta manta. Uwata ta tuɓe takalmi ta tafi tsintar bawon katantanwa, uwarta ta bi ta riƙe da gefen abaya. Daga nesa na jiyo dariyarta. Ba da ni take yi ba, amma na ji ta, kuma rabona da jin ta tun ranar da aka yanki tikiti. Abin da ya tokare mini ƙirji wata da watanni ya ɗan sassauta. Na tuɓe takalmina, na fata ne irin na Larabawa da na saya a kasuwar Dira, na ajiye su a gefen tabarma, na ja bargo na ce bari in ɗan kishingiɗa. Barcin da ya ƙi zuwa a kan katifa a Manfuha shi ne ya zo ya same ni a kan yashi.

Mafarki nake yi wai na koma yaro na yi fitsarin kwance. Na farka na ji bayana sharkaf.

Ruwa ne. Ba igiyar ruwa, ba ruri, ba komai irin na talabijin. Shiru ya zo, yana silalowa a kan yashi kamar an kifar da bokiti a tsakar gida, sai dai bokitin ba ya ƙarewa. Tabarma ta jiƙe, fulas ya kwanta yana juyi, takalmina sun kama hanya, ɗaya gabas ɗaya arewa. Mai ɗakina da Uwata suna tahowa da gudu, ruwa a idon sawunsu, mai ɗakina tana ta salati. Na waiga wajen tudu. Ruwan ya zagaya ta wani kwari ya riga mu can, ya shiga tsakaninmu da mutane.

Na ce su bar komai su nufi tudu a ƙasa, tunda ruwan bai kai gwiwa ba. Ni kuma na faɗa mota. To a nan ne zan so a rufa mini asiri, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Abu na farko da ake koya wa yaron tifa shi ne, in taya ta fara nutsewa, kada ka kuskura ka taka totur. Na sha zagin yara a kan wannan, bakina har kumfa. Ni ne nan na taka totur har ƙasa. Mota ta yi kuka, tayoyi suka haƙa wa kansu rami, ta zauna daram a kan cikinta.

Na fito da gudu ba takalmi, jallabiya ta manne mini a jiki, na nufi samarin nan masu son baƙi. Larabcina na wurin aiki ne, na lodi da sauke lodi, ga shi tsoro ya kwashe rabinsa. Na tsaya a gabansu ina haki ina cewa, "Sayyara! Moya! Mushkila!" wato mota, ruwa, matsala, sai ka ce su ba su da ido. Suka yo mini ca da magana, su duka a lokaci ɗaya, da sauri, ban kama ko kalma ɗaya ba. Ɗaya yana ta tambayata yana kwatanta wani abu da hannu, ni ina ta maimaita moya.

Sai na ji wata 'yar murya a gefena ta ɗauki Larabci, irin na 'yan Riyad tsantsa, tar-tar ba gargada. Uwata ce, siket ɗinta a jiƙe, warin takalmina a hannunta, ashe ta tsaya ta kamo shi. Samarin suka saurare ta, suka kwashe da dariya, sannan suka zabura. Ashe irin wannan ranar suke jira. Wallahi ko walima aka kira su ba za su yi wannan murnar ba. Kafin ka ce kwabo sun fito da igiyoyi da shebur, sun rage iskar tayoyinsu, sun shiga ruwa da motocinsu. Waɗanda ba su samu aiki ba kuwa kowa ya ɗaga waya yana ɗauka.

Aka ɗaura igiya a bayan motata, aka tura ni ciki in riƙe sitiyari. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Uwata ta haye bayan a-kori-kurarsu ta tsaya. Babbansu, wani mai ɗan gemu, yana ta ba da umarni da ƙarfi, ni ina leƙe ta taga ina zare ido. Sai ta haɗa hannu a baki ta ƙwala kira.

"Baba! Ya ce ka sauke burkin hannu!"

Baba. Ni ta kira, ba aike. Na saki baki ina kallonta, ruwa yana shiga mini tsakanin yatsun ƙafa, na manta da mota, na manta da teku.

"Baba! Burkin hannu! Wai kai ba ka ji ne?"

Na sauke.

"Ya ce ka miƙe sitiyari! Ya ce kada ka taɓa totur! Ya ce ka rantse ba za ka taɓa ba!"

Na ɗaga hannu ta taga na rantse. Igiya ta miƙe, mota ta yi nishi, ta girgiza, laka ta sake ta da wata ƙara marar daɗin ji. Suka ja ni da baya-baya har kan tudu kamar akuyar da ta ƙi shiga kasuwa, mutanen tantuna suna tafi.

Ba su bar mu mun tafi ba. Suka ce dole inji ya sha iska, mu ma haka. Matan wani tanti suka ja mai ɗakina ciki, ni kuma aka zaunar da ni a bakin wuta, aka lulluɓa mini wata rigar gashi mai nauyi irin wadda suke sawa da sanyi, aka miƙo gahawa da dabino. Haƙorana sai kaɗawa suke. Uwata ta zauna a gefena ta zama tafinta, kuma na lura aikin ya yi mata daɗi fiye da kima.

"Baba, ya ce sun yi ta ɗaga maka hannu ka tsaya."

"Ki ce na ɗauka gaisuwa ce."

Ta faɗa. Ɗaya ya kwanta a kan darduma don dariya.

"Ya ce aikin me kake yi?"

"Ki ce ɗan kasuwa ne ni."

"Ai na riga na ce masa direba ne kai. Na ce a ƙasarku har cikin kogi kake shiga da babbar mota."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce ya ga alama."

Na so in ji haushi, na nema na rasa. An ce rashin sani ya fi dare duhu, ni nawa da rana tsaka ya kama ni, a gaban shaidu masu waya. Dariya ta ƙwace mini, na yi ta yi har da hawaye, gahawa tana zuba a rigar mutane.

Bayan mun yi la'asar samarin suka koma kan kartarsu, ni da Uwata muka matsa bakin tudu muka zauna. Wurin da muka ci shinkafa ya zama ruwa shuɗi, ba alamar mutum ya taɓa zama a nan. Sai a lokacin na ga teku sosai, cike har gindin tudu, yana taɓa yashi a hankali yana komawa. Mutanen da na kira matsorata, ga shi ya zo ya same su har inda suke, ko tashi ba su yi ba.

Ta ce, "Na gaya maka."

Na ce, "Ba ki gaya mini ba. Mamanki kika gaya wa."

Ta shiga haƙar yashi da warin takalmina. Can ta ce, "A Kano za su yi mini dariya. Hausata ba ta da kyau."

Na ce za su yi, na ɗan lokaci, sannan su gaji. Na ce ai ta ga irin wadda aka yi wa babanta yau, ga shi bai mutu ba.

"Kai yaushe za ka zo?"

Bakina har ya buɗe. Amsa tana nan a shirye, irin wadda na saba: kafin azumi, da babbar salla, kwanan nan, ke dai ki bar mini. Da irin wannan amsar na yi shekaru ina kai ta teku. Na dubi ruwan, na dubi ƙafafuna da suka yi fari fat don sanyi. Na ce, "Uwata, wallahi ban sani ba. Ina so in zo, kullum zan so in zo. Amma ranar ban san ta ba."

Na zaci za ta tashi ta koma wurin uwarta a sake ɗaura sabuwar gaba. Sai ta matso ta shigo cikin rigar gashin, ta ɗora kai a kafaɗata, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da muka gaya mata. Na bar ta ta yi. Ni ma na ɗan taya ta, na ce iskar gishiri ce. Babu abin da ya canza, haraji yana nan, tikiti yana nan, kamfani yana nan yana tangaɗi. Amma zuciyata ta kwanta a bakin ruwan nan yadda ba ta kwanta ba duk shekarar. Na ji ko me zai zo zan iya ɗauka, tunda yarinyar nan tana magana da ni.

Kafin magariba ruwan ya fara ja da baya, ba damina ba rani. Ɗaya daga cikin samarin ya zo yana dariya riƙe da ɗaya warin takalmin, ya tsince shi a gaɓa cike da yashi. Tabarma da fulas dai teku ya ci. Mota ta tashi bayan tari da atishawa, muka yi godiya muka yi sallama. Mai ɗakina ba ta ce mini komai ba sai da muka hau kwalta, sannan ta ce, "Sannu da aiki, Sarkin Ruwa." Har yau in tana jin tsokana haka take kira na. Uwata kuwa ba ta rufe baki ba har Riyad, ta zazzage mini duk labaran da ta tara, na malamai da na ƙawaye, rabi Hausa rabi Larabci, ni dai ina ta cewa to.

Ba a daɗe ba wani a teburin mai shayi a Manfuha ya miƙo mini waya ya ce, "Alhaji, wannan ba kai ba ne?" Na duba na ga wani mutum cikin jiƙaƙƙiyar jallabiya yana ihun moya. Na ce mutane suna kama. Daga ranar dai in an ɗauko zancen ruwa a majalisa, sai in tuna ina da uzuri a gida.

Ranar tafiyarsu ta zo. An ɗaure akwatuna, maƙwabcin da zai kai mu filin jirgi yana hon a ƙasa, na zo bakin ƙofa zan sa takalmi, sai na ga wari ɗaya. Allah sarki. Daɗin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa. Na ɗaure fuska na fara faɗan da na saba, na leƙa bayan tukunyar gas, na buɗe firji, na ɗaga katifa. Uwata tana tsaye da jakarta a baya tana kallon silin. Ta ce, "Baba, za mu makara." Na zura takalmin aiki muka fita, na ce a raina in na dawo na neme shi a tsanake.

Na dawo ni kaɗai na tarar da ɗakunan fayau. Wurin dubawar ma ba yawa, don an sayar da na sayarwa, an kyautar da na kyautarwa. Na duba ko'ina, har saman taga da cikin kwandon shara. Babu.

Washegari da hantsi suka kira daga Kano. Muka gaisa da mai ɗakina, ta ce sun sauka lafiya, 'yan'uwa sun cika gida, sannan ta ce ga uwarka tana son magana.

"Baba, ka ga takalminka?"

"Ban gani ba, Uwata. Ina kika sa shi?"

"Yana cikin jakata. Kuma ba zan ba kowa ya kawo maka ba. In kana so, ka zo ka ɗauka."

Na ce to.

Ƙarshen watan na saki gidan na koma ɗakin gwauraye, inda takalma suke tsibi a bakin ƙofa. Na ajiye warin nawa a cikinsu, gishirin teku ya bar masa farin zane a fata. Duk wanda ya zo shara sai ya ɗauka zai jefar, sai in yi tsalle in ƙwace. Wata rana wani Bakatsine da muke kwana ɗaki ɗaya ya ɗaga shi ya ce, "Haba Alhaji, me za ka yi da takalmi ƙafa ɗaya?"

Na ce ya mayar mini da shi inda ya gan shi, ɗan'uwansa ne ya riga shi tafiya gida.